Maɓallin Maganin Inna

Manhajar farko da na haɗa da hannuna, saboda maganin hawan jinin Inna na yi ta. A lokacin na shekara biyu da gama makaranta, ina zaune a gidanmu a Garwa ba aikin fari ba na baƙi, sai wata tsohuwar kwamfuta da kawuna ya bar mini, mai kuka kamar injin markaɗe. Darussan haɗa manhajar waya nake saukowa da su daga intanet, wasu da Faransanci wasu da Turanci, in kalla, in tsayar, in kwaikwaya. Idan zafi ya yi zafi kwamfutar kan mutu da kanta, sai in ɗora ta a faranti bisa bakin randa ta huce. Inna in ta zo wucewa sai ta ce, "Auta, ita ma ƙishin take ji?"

Yayata, wadda muke ce wa Adda, tana aure a Yawunde. Tun ranar da likita ya ɗora Inna a kan maganin hawan jini, wanda a nan muke ce wa tansiyon, kullum ƙarfe takwas na safe sai Adda ta bugo waya. Tambaya ɗaya ce ke kawo ta, "Inna, kin sha na tansiyon?" Amma daga nan sai hira ta ɓarke: wa ya haihu, wa ya dawo daga Ngong da buhun gyaɗa, kifin Binuwai ya yi tsada, maƙwabciya ta sake ɗaure akuyarta a jikin katangarmu. Rabin awa sai ta wuce suna abu ɗaya. Wata rana Adda ta yi mini ƙorafi cewa safiya na yi mata wuya, ga shirya yara makaranta, ga cunkoson hanya, ga ofis, kuma in ba ta kira ba hankalinta ba ya kwanciya. Ni kuwa da ɗokin sabon ilimi ke cina, na bugi ƙirji na ce ta bar mini wannan.

Dabarar mai sauƙi ce. Ƙarfe takwas wayar Inna za ta yi ƙara, wani babban koren maɓalli ya cika allon. In ta sha magani ta danna, nan take alama ta bayyana a wayar Adda, shi ke nan kowa ya kama gabansa. Inda gizo ke saƙar, wayoyin duniya gida biyu ne, abin da aka gina wa ɗaya ba ya hawa ɗaya. Ta Inna irin tamu ce ta kowa da kowa, ta Adda kuwa mai tsadar nan ce da mijinta ya sayo mata, wadda ba ta ajiye ta sai a inda za a gani. Abin da nake koyo shi ne yadda mutum zai rubuta aikin sau ɗaya ya fito a gidajen biyu. A darasi, cikin minti goma malamin ya gama yana murmushi. Ni wata uku na yi. Rubutun da ya zauna daram a wayar Inna sai ya karkace a irin ta Adda, in na gyara can sai nan ya ɓaci. Kuma ba a fitar da manhaja don irin wayarta sai da kwamfutar kamfanin da ya ƙera wayar, wadda a duk unguwarmu mutum ɗaya ke da ita, wani mai hoto ɗan garin Kaele da ke da shago kusa da kasuwa. Da azahar in ciniki ya lafa yakan matsa mini gefe, yana gyara hotunan biki a wayarsa, yana tambayata da Hausar kasuwa ko yau abin ya yarda.

Ranar da ya yarda, har rawa na taka a shagon mutane. Na koya wa Inna dannawa, ta danna da ɗan yatsanta mai lalle, Adda ta turo saƙo daga Yawunde cewa ta gani. Sati biyu abin na tafiya sumul. Ina tafe a unguwa ina jin kaina wani injiniya, mai mashin ma in ya tsaya mini sai in ga bai san wa ya ɗauka ba.

A sati na uku ne alamar ta fara ɓacewa. Yau ta je, gobe ta je, jibi shiru. Ƙarfe goma sai ga kiran Adda a firgice, ta fara da Inna, sannan ta dawo kaina. "Kai Auta, wannan apli naka na wasan yara ne. Jiya sai da na fita daga taro saboda tsoro." Na tambayi Inna, ta ce ita kam ta danna, har sau biyu ma. To wa zai ƙaryata uwarsa? Na ɗora laifin a kan rezo, wato sabis ɗin waya, na canza mata layi. Na ɗora a kan batir. Daga baya na tabbatar wa kaina cewa ɓangaren wayar Adda ne ke haɗiye saƙon, na koma shagon mai hoto na warware aikin wata guda na sake ɗinkawa. Na shiga zaurukan masu wannan sana'a a intanet ina tambaya da gurɓataccen Turancina, wani daga wata ƙasa mai nisa ya ba ni amsa doguwa, na bi ta layi-layi, ba abin da ya canza. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba alamar kaɗai ke damuna ba, na fara zargin ko dai wannan sana'a ba tawa ba ce, gara in koma rumfar kawu in riƙa auna yadi.

Wata safiya na ce yau da idona zan ga inda saƙon ke maƙalewa. Ban gaya wa Inna ba. Na zauna a bakin ƙofar ɗakina da kofin kunu, ita tana kan tabarma a inuwar dalbejiya. Ƙarfe takwas waya ta yi ƙara. Ta ɓare ƙwayar, ta yi bisimilla, ta kora da ruwa. Ta ɗauki wayar, ta daɗe tana kallon koren maɓallin, sai ta kife ta a kan cinyarta ba tare da ta taɓa shi ba. Ta jawo faifan wake tana tsincewa, amma rabin hankalinta na kan cinyar. Haka ta zauna har goma saura. Da kiran Adda ya shigo, bugu ɗaya ta ɗauka.

"Jam, jam, lafiya ƙalau nake. Na sha tun ɗazu. Abin ƙanenki ne, kin san shi da rawar kai." Sai ta gyara zama ta shiga ba ta labarin akuyar maƙwabciya, tana dariya irin wadda na kwana biyu ban ji ba.

Da farko haushi ne ya turnuƙe ni. Sati nawa ina wahala, ina ɓata wa mai hoto lokaci, ashe ɓarnar tana zaune a tsakar gidanmu tana tsince wake. Da ta gama na je na durƙusa gabanta na ce, "Inna, na fa gan ki." Ba ta ko ji kunya ba. Ta hure ƙaiƙayin da ke faifan ta ce, "To ka gani. Tun da koren abin nan ya shigo gidan nan, 'yata ta daina kirana sai ranar Lahadi. Shi yana tambayata ko na kwana lafiya ne?" Ta ƙara da cewa, "Kada ka gaya mata. Aiki ya yi mata yawa, ba na so ta ji kamar roƙo nake."

Nan haushin ya zube, tausayi ya kama ni, da kunyar kaina. Na tambayi Adda abin da take so, na auna allon waya biyu, na gwada komai, amma ban taɓa tambayar wadda za ta danna ba.

Da yamma na kira Adda. Gaskiya tana bakina, kuma ita ce za ta wanke ni tas, amma na haɗiye ta. Na ce, "Adda, na yi iya yina, abin ya ƙi zama a irin wayarki. Ki goge shi kawai, ki koma kiranta da safe kamar da." Ta yi dariya har da tari, ta ce dama ta faɗa, wayarta ba sa'ar ɗan koyo ba ce. Na ce haka ne.

Yau shekaru sun ja. Da wannan sana'a nake ci, ni kaɗai a ɗan ofishina, na haɗa wa masu shaguna da makarantu da wata ƙungiyar manoman auduga manhajoji, kuma duk suna aiki lafiya a gidajen wayar biyu. Kafin in rubuta layi ɗaya, sai na je na zauna kusa da wanda zai riƙa dannawa na ga yadda safiyarsa take. Amma a wurin Adda har gobe ni ne wanda ya kasa haɗa maɓalli ɗaya tak. Duk sallar da ta zo gida sai ta ba da labarin a gaban surukai, a yi ta dariya. Inna kuwa sai ta miƙo hannu ta ɗora mini kan kifin a kwanona, wanda a gidanmu rabon babba ne.

Koren maɓallin yana nan a wayarta, ta hana ni cirewa, wai ƙararsa ce ke tuna mata ta gyara murya. Ƙarfe takwas yana gama kuka sai kiran Yawunde ya shigo. Yanzu takan bari ya buga sau uku kafin ta ɗauka, don kada a ce jira take yi.