Auta da Mutumin da Ya Ƙi Gogewa

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan jiya, ƙanena, autan gidanmu, ya cika a gadon asibiti. Na ji wasu na cewa ya rasu bayan gajeriyar jinya. Ni yayarsa ce, ni na goge masa jini a fuska, saboda haka zan faɗa yadda yake: kashe shi aka yi.

Auta, gyaran hoto ne sana'arka, kuma hotunan namun daji ka fi ƙauna. Na sha yi maka tsiya, in ce ga mutumin da ke hawa kujera in ya ga kyankyaso, amma yana wuni da zakuna. Sai ka yi dariya ka jawo ni gaban kwamfuta. Kana da manhajar da in ka danna sau ɗaya, da kanta take gano dabbar da ke cikin hoto, ta lulluɓe ta da jan launi, ta ware ta daga ciyawa da sama, don ka haskaka ta ita kaɗai. Ba ka taɓa sakar mata aiki ba. Kakan ce tana da sauri amma ba ta da hankali, takan aske wa zaki gashin baki, sai ka bi da hannu kana mayarwa sili-sili har abincinka ya huce.

Kana da wata ɗabi'a da masu hoto suka yi ta mita a kanta. Duk hoton giwa da ya biyo ta hannunka, sai ka dusashe duwatsu da itatuwan da ke bayanta, don kada mafarauta su gane wurin. Kuma ban manta hoton mahaifinmu da ruwa ya ci ba. Ka yi makonni a kansa, ranar da ka miƙa wa Inna, sai shafa shi take yi.

Dogo, amininka, ma'aikacin gandun daji, shi ya kawo maka hoton da ya zama ajalinka. Giwa ce a kwance, an faskara mata fuska da gatari an zare haure, jini ya jiƙa ƙasa, ɗanta na tsaye a gefe yana tura ta da hanci. Dogo so yake ka haskaka ɗan. Ka danna, ja ya rufe uwa da ɗa, sannan ya ɗiga a wani ɗan wuri cikin sarƙaƙiya. Ka ɗauka kututture ne manhajar ta sake kamawa. Da ka faɗaɗa wurin ka ƙara haske, sai ga mutum a tsugune riƙe da gatari, jini har gwiwar hannu, fuskarsa tangaran. Isowar Dogo ce ta ritsa da shi bai gudu ba. Mai gatarin ɗaya ne daga cikin masu gadin gandun.

Magana ta fita, wayar barazana ta fara shigowa. Matarka ta yi kuka, ni ma na zo na same ka. Na ce, "Auta, goge shi. Dannawa ɗaya ce fa." Ko yau aka mayar da ni wannan ranar, abin da zan faɗa ke nan, don ni ƙanena nake so, ba giwa ba. Ka ce, "Yaya, ina goge ƙura, ina goge wayar lantarki. Wannan kuwa in na goge shi, gobe zai sari Dogo."

Da rana tsaka wasu mutane suka zo shagonka, titi cike da mutane. Suka ja ƙofar shagon suka rufe, suka farfasa kwamfutar. Suka danne hannunka na dama a kan tebur, suna dukan yatsunka da rodi ɗaya bayan ɗaya, suna tambayar wa ka ba hoton. Tela maƙwabcinka ya ce ihunka ya ji, amma bai ji ka ambaci sunan kowa ba. Kafin shi da mai walda su ɓalle ƙofa, an fasa maka kai, mutanen sun fice ta baya. Maharan sun makara, domin tun da safe ka aika hoton wurin hukuma da 'yan jarida.

A asibiti ka farfaɗo na ɗan lokaci. Ba ka tambayi hannunka ba. Cewa ka yi a kira Dogo, a ce kada ya kwana a gida.

Muna zaman makoki wani dattijo da ban sani ba ya zauna kusa da ni, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya rage murya ya ce gara iyali su janye ƙara, tunda akwai yara ƙanana. Na ce masa, "Baba, mai iya gogewar kun kashe shi. Mu da muka rage ko kunna kwamfuta ba mu iya ba." Tsoro ina ji, ba zan ɓoye ba. Amma ranar shari'a ni da matarka za mu zauna a layin gaba.

Ya Allah, Ka jiƙan Auta, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka musanya masa azabar da ya sha da rahama. Ina yi wa Inna ta'aziyya, wadda ta binne wanda take zaton shi zai binne ta. Ina yi wa matarsa da 'ya'yansa, da Dogo wanda har yau bai koma gidansa ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Waɗanda suka riƙe hannunsa a kan tebur kuwa, ban yafe ba, Allah Ya fito da fuskokinsu fili.