Kwanon da ba a buɗewa sai Sabi'u ya zo

Da azumin bana Yaya Mamman ya cika shekara tara da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, manomi a ƙauyenmu da ke gefen hanyar Gezawa. Bai yi boko ba, bai riƙe sarauta ba. Abu ɗaya ne ya sa na ga ya dace masu karatu su san shi, kuma zan kawo shi daki-daki yadda ya faru.

Da farko sai an san al'adar ƙofar gidanmu. Ciyayya muke yi tun kakanni. Bayan sallar magariba kowane magidanci a layinmu zai fito da kwanon tuwonsa, a shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, a jera kwanuka. Doka ɗaya ce: ba mai buɗe kwano sai babba ya yi bismilla ya sa hannu. Babban kuwa a lokacin Yaya ne.

Na biyu, Sabi'u. Ɗan ƙanenmu ne da ya rasu ya bar shi a hannun uwarsa Hanne. Ya tashi da ƙwazon noma. A shekarun nan masu wuya, da hatsi ya yi tsada, gonaki suka fara komawa fulotai, sai ya shiga leburanci a gine-ginen bakin gari. Can aka koya masa ƙwaya, wai don kada ya ji gajiya. Daga ƙwaya ya koma maganin tari na kwalba. Kafin mu ankara ya rame, yana tafe yana tangaɗi, magana sai a ja. Ya ɗauke garmar ubansa, ya ɗauke akuyar uwarsa. In ya zo tabarma sai ka ga kowa yana janye kwanonsa. Da ya gane, sai ya daina zuwa.

Dangi suka zauna, aka yanke a kai shi gidan mari. Hanne ta yarda tana kuka, don ta gaji. Yaya ya saurari kowa, sannan ya ce, "Ku ba ni daminar nan. In an yi girbi bai dawo hayyacinsa ba, ni zan riƙe muku ƙafarsa a sa ƙarfen."

Na uku, abin da ya yi. Ranar nan da magariba aka jera kwanuka, Yaya ya wanke hannu, sai ya ɗora shi a gwiwa. Ya ce, "Ina Sabi'u?" Aka ce bai zo ba. Ya ce, "To, ba a cika ba."

Akwai maƙwabcinmu Idi mai faci, mutum ne da ba ya haɗiye magana. Ya ce, "Malam, mu da muka yini muna aiki mu za mu jira wanda ya yini yana shawagi a sama? Miyar kuka ce fa. In ta huce ko kare sai an lallashe shi."

Yaya ya ce, "Tunda ka san inda yake shawagin, tashi ka sauko mana da shi."

Ba mai iya ci kafin babba, ba kuma mai iya mayar da kwano cikin gida a rufe, mata su tambaye shi dalili. Dole aka tashi nema. A wani kango aka same shi. Da aka kawo shi, Yaya ya zaunar da shi a gaban kwanonsa ya ce, "Riƙe mini," yadda ƙarami yake riƙe wa babba bakin kwano. Hannun Sabi'u yana rawa, miya tana zuba a tabarma. Yaya bai yi masa wa'azi ba, bai tambaye shi ina akuya ba. Ya ci, ya tura masa sauran.

Kada wani ya ɗauka abin ya zo da sauƙi. Akwai ranakun da ba a ganinsa. In an kira isha'i sai Yaya ya taɓa kwanon wani ya ce, "Ku ci," shi kuma nasa ya koma a rufe. Duk layin an san yana fama da gyambon ciki. Saboda haka nema ya koma tun la'asar. Mai shago ya san ta inda Sabi'u ya bi, masu adaidaita sun san inda ya sauka. Idi, wanda ya fi kowa mita, shi ya ajiye shi a rumfarsa da rana yana koya masa cire taya, yana zaginsa yana saya masa gyaɗa. Ni aka ɗora wa kai shi asibiti a birni, don Yaya ya ce ciwo ne, yana son addu'a yana son likita. Kwanakin gumi da amai da ihu kuwa, Hanne da matan gida su suka ɗauke su, da kunu da ruwan ɗumi.

Gero ya nuna, muna cewa an ci nasara, sai Sabi'u ya ɓace kwanaki. Dangi suka fara tuna wa Yaya alkawarinsa. Shi kuwa ciki ya kwantar da shi, amma da magariba sai ya sa a fito da shi tabarma, ya jingina da bishiya, kwano a rufe. Labari ya kai wa Sabi'u inda yake. Ranar nan ba wanda ya je nemansa. Da ƙafarsa ya zo, ya durƙusa.

Ya ce, "Baba, don Allah ka ci abinci."

"Kai nake jira."

"Ga ni."

"Gobe fa?"

Sabi'u ya ɗago kansa. Sannan ya ce, "Gobe ma."

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, ya sake zamewa bayan nan, ba sau ɗaya ba. Amma bai sake fashin tabarma ba, kuma wanda zai riƙe wa tsoho kwano da magariba dole ya lura da abin da ya sha da rana. A hankali hannun ya daina rawa. Maganar mari ba wanda ya sake tayar da ita. Sabi'u yana cikin waɗanda suka saka Yaya a kabari.

Yau da Yaya zai leƙo, ba zai gane hanyar gonarsa ba, duk ta zama gidaje. Kayan mayen sun sake sunaye, wasu ma ban iya faɗarsu ba. Layuka da yawa sun bar ciyayya, kowa yana ci a ɗaki da waya a hannu. Na san ba zai yi dogon bayani ba. Zai tambaya ne kawai, in yaro bai dawo da magariba ba, wa zai lura?

Bai bar dukiya ba. Darbejiyar tana nan, tabarmar ta ragu, kuma yanzu ni ne babba. Sabi'u ya gaji rumfar Idi, yana da mata da 'ya'ya uku. Makon jiya an jera kwanuka, na wanke hannu, ga yunwa. Zan buɗe ke nan sai Sabi'u ya dafe murfin. Ashe ɗan wani sabon maƙwabcinmu, wanda aka fara ganinsa a kangaye, bai fito ba.

Ya ce, "Baffa, ba a cika ba."

Na mayar da hannuna gwiwa.