Tishun da Ba Ya Ƙarewa

Shekara ashirin da wani abu Inna Mai Buta ta yi tana raino a gidajen ma'aikata. Yaran da suka ratsa ta hannunta, wasu har sun yi gemu. Duk gidan da ta shiga, da butarta take shiga, wata 'yar shuɗiya mai tsagaggen murfi, kuma ba ta yarda da duk wani abu mai ƙamshi da ake shafa wa jariri ba.

Uwar yaron da take raino yanzu malamar asibiti ce, irin masu ido a kan komai. Ta ajiye mata jiƙaƙƙen tishu na goge jarirai, ta ce da shi za a riƙa goge yaro in an canza kunzugu. Inna ta ce to. Bayan sati biyu malamar ta lura fakitin yana nan yadda yake. Ta tambaya, Inna ta ce, "Ai yana da auki, 'yata."

Daga ranar tishu ya fara raguwa. Sai dai da malamar ta leƙa kwandon shara, ta same shi fari fat, an dunƙule kawai an jefar. Wato matar nan barin yaron take cikin ƙazanta har yamma? Ta duba jikinsa sarai, ba ƙurji ko ɗaya, amma zuciyarta ba ta kwanta ba. Ta ƙudura in ta kama ta, ranar za ta sallame ta.

Ran nan da tsakar rana ta dawo ba sanarwa, ta cire takalmi tun daga ƙofa. Falo ba kowa. Sai ƙarar ruwa daga banɗaki. Ta tarar da Inna a kan 'yar kujera, yaron kife a hannunta na hagu, tana tsiyaya masa ruwan ɗumi, shi kuwa sai wutsil-wutsil yake yana dariya.

"Inna, tishun fa?"

Inna ba ta ko ɗago ba. "Ke da shi kike yi in kin zaga?"

Malamar ta dubi butar da ke hannun Inna. Can ta ce, "To me ya sa kika ɓoye mini?"

"Gida biyu aka kore ni a kan wannan. Abin da zai yi wata a leda bai bushe ba, ni ban san me aka zuba masa ba."

"Ba ruwan ne ya dame ni ba, ƙaryar ce. In kin ɓoye wannan, me kuma kike ɓoyewa?"

Inna ta tsane yaron da tawul har cikin matsematsin cinya. "Maganin mura da kika bari, ba na ƙarawa, ba na ragewa. Je ki duba kwalbar."

Ta je ta duba. Daidai yake.

Ba ta sallame ta ba. Amma har yaron ya fara tafiya, takan faɗo gidan da rana ba zato, takalmi a hannu.