Awon Tafin Ƙafa da Abin da Na Ɓoye wa Lukuman

Wanda Ya ba mu aron rai Ya karɓi abinSa, kuma dukanmu can muka nufa. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Yuli, 2009, Allah Ya yi wa Malam Lukuman Sabo mai walda rasuwa a gidansu da ke Dilimi, a nan Jos, bayan jinyar ƙoda ta wata huɗu. Shekararsa arba'in da huɗu. Mun kai shi makwancinsa bayan azahar ana yayyafi.

Ni ne Babayo, mai sayar da faifan sidi a bakin Taminus. Bakina ya saba yabon kaya, har wanda bai cancanci yabo ba. Yau mutum zan yaba, kuma a karon farko a rayuwata ba sai na ƙara gishiri ba.

Lukuman, na fara saninka ne a makon da babbar kasuwa ta ƙone, cikin 2002. Ina tsaye kan tokar rumfata, hannu a aljihu, ina yi wa mutane barkwanci don kada su ga idona. Kai ka gani. Bayan kwana biyar sai ga ka da baro, ka turo tebur na ƙarfe mai rufi da wurin kwaɗo, ka ce, "Wannan ko wuta ta zo sai dai ta ci fenti." A kansa na sake tashi, kuma har yau a kansa nake shimfiɗa kaya. Ba ni kaɗai ba ne. Madam Roseline mai markaɗe ta Tudun Wada ta zo gaisuwa tana kuka kamar ƙaninta ne ya rasu. Ta ce shekara shida injinta bai taɓa kwana a lalace ba, domin ko kana cin abinci ta aiko sai ka ture kwanon. Masu keken guragu na bakin masallacin Juma'a sun san ranarsu a garejinka, Alhamis da safe, kuma sun san in an gama gyara ba a yi musu maganar kuɗi sai gaisuwa.

Amma abin da ya haɗa mu zama shi ne abin da mutane da yawa suka yi maka dariya a kai. Cikin kayan da nake saye akwai katun na Japan, irin na ƙattin ƙarfe masu siffar mutum, waɗanda tsayinsu ya fi gidan sama, direba na zaune a ciki yana tuƙa su zuwa yaƙi. Ni na ɗauke su kayan yara. Ranar da ka tsaya gaban talabijin ɗina ka ce in mayar da hoton baya, na zaci faɗan kake so ka sake gani. Ashe gwiwa kake kallo.

"Dubi nan," ka ce. "Wanda ya zana wannan ya taɓa riƙe sifana. Ya bar wurin zuba giris."

Tun daga ranar kai ne mutum ɗaya tilo da na sani mai tsallake yaƙi don ya kalli wurin gyara. In aka nuno makanikai suna ɗaga hannun ƙaton da sarƙa, sai ka gyara zama. Ba ma jin yarensu, rubutun Turancin da ke ƙasa kuma ko mai shi ba zai gane shi ba, don haka kai ka raɗa musu sunaye. Akwai Ango, fari fat, wanda ka tsana saboda ko ɗigon baƙin mai ba ya zubarwa. Ka ce injin da ba ya ƙazanta maƙaryaci ne. Akwai kuma Ƙusumbi, mai ƙaton tulu a gadon baya, wanda ka ce nan lagiretonsa mai sanyaya inji yake, shi ya sa kake girmama shi, domin wanda ya ƙera shi ya tuna cewa ƙarfe na zafi. Kana tambayar abin da ba wanda ya tambaya. Me ya sa za a ba inji yatsu biyar, gaɓa goma sha huɗu a kowane hannu, kowace tana jiran yashi, alhali uku sun isa riƙe bindiga? Me ya sa za a sa direba a ka, inda jijjiga ta fi yawa, ba a ƙirji ba? Mahaifinka ya yi shekara talatin yana gyaran manyan injinan haƙar kuza, ka tashi a ƙarƙashinsu, kuma ina jin a cikin waɗannan katun kana ganin abin da ya rage na duniyarsa.

Sai Allah Ya kawo maka abokin gardama. Baba Pwajok, tsohon ma'aikacin injinan ruwa da ya yi ritaya a Kuru, ya zo saya wa jikokinsa faifai, ya ji kana cewa gwiwar Ango ba za ta yi mako guda ba. Ya ajiye ledarsa ya ce, "Injiniya, ka manta da shokozoba mai shanye jijjiga." Daga nan kowace Asabar da la'asar sai ya hau mota tun daga Kuru. Shekara huɗu. Kuna da hanyarku ta aiki: kowa ya tafi gida da faifansa, ya tsayar da hoto, ya ɗora rula a kan gilashin talabijin, ya auna, ya rubuta a littafi, ranar Asabar a baje. Mutane suka fara taruwa. Ɗaliban jami'a daga Naraguta, telolin layin baya, 'yan acaɓa da ke kashe mashin su tsaya. Wanda ya tsaya sauraro kuwa da wuya ya tafi hannu wofi. Ni na fi kowa sanin haka.

Yanzu na zo wurin da alƙalamina ke nauyi.

Cikin Nuwamban bara kuka ɗauko maganar ko Ƙusumbi zai iya tsayawa a kan ƙasa mai laushi irin ta bakin kududdufan kuza na Naraguta, ko zai nutse. Kuka yarda cewa amsar tana cikin tafin ƙafa: tsawonsa nawa ne idan an gwada da tsayin jikin. Kowa ya tafi ya auna. Ranar Asabar kai ka ce tafi takwas ne a tsayinsa, ƙafar ta yi ƙanƙanta, zai nutse har ƙugu. Baba Pwajok ya ce shida ne, zai tsaya daram. Hoto ɗaya, wuri ɗaya, rula iri ɗaya. Kuka juyo kaina kuka ce in kunna a auna a gaban kowa.

Na ce injina na kunna faifai ya lalace. Lafiyarsa ƙalau.

Na san dalilin tun kafin ku rufe baki. Fim ɗin iri biyu nake da shi. Ɗaya yana zuwa da baƙin layi sama da ƙasa, wanda masu saye ke dawo mini da shi suna cewa an cinye musu rabin hoto. Ɗayan kuma an matse shi daga gefe da gefe don ya cika gilashi, shi kowa ke so. In ka kula, a cikinsa wata ba ya zama da'ira, kamar ƙwai yake, mutane kuma duk dogaye ne sirara. Kai na zaɓar maka mai cika gilashi, a matsayin alfarma ta aboki. Baba Pwajok na tura masa mai baƙin layin, don na ga tsoho ne ba zai yi ƙorafi ba. Matsewar ce ta rage maka tafin ƙafar. Kalma goma sun isa in warware muku. Amma na dubi taron da ya tare hanya har 'yan acaɓa na zagayawa, na ce a raina bari ta ƙara mako guda.

Asabar ta gaba taron ya ninka, inji kuma, a bakina, yana wurin mai gyara. Kowannenku ya sake awo, kowa ya dawo da lambarsa. Samari suka rabu gida biyu suna zuga ku. Wani ɗalibi ya ce ko dai idon mai walda ya fara tafiya ne. Aka yi dariya. Na ga fuskarka ta sauya, domin kai ana iya taɓa komai naka ban da awo. Ka ɗaga littafin Baba Pwajok sama ka ce, "Baba, ka ji tsoron Allah. Wannan shidan a mota ka rubuta ta. Ƙarya kake yi."

Tsohon ya karɓi littafinsa, ya sa a aljihu, ya ce, "Shekara sittin da bakwai, ba a taɓa kirana haka ba. Sai yau, a bakinka." Ya juya ya tafi. Ban tsayar da shi ba. Na ce Asabar mai zuwa zan kunna duka biyun, a yi dariya, a sha shayi, magana ta wuce.

Ranar Juma'ar wannan makon garin ya kama da wutar rikici. Kowa ya san abin da ya faru a ƙarshen Nuwamba, ba sai na tayar da shi a nan ba. Da ƙura ta lafa, Jos ta zama gari mai layuka da ba a zana ba, kowa ya san inda ƙafarsa ke tsayawa. Baba Pwajok bai ƙara shigowa ba. Ka kira wayarsa sau da yawa, ba ta shiga. Sannan ciwo ya kwantar da kai.

Na zo duba ka cikin watan Yuni. Ka rame har agogo na yawo a hannunka. Bayan gaisuwa ka ce, "Babayo, na sake aunawa ya fi sau goma. Takwas nake samu. Amma Baba ba ya ƙarya, ni na sani. To mene ne wannan?" Ka dube ni da idon nan naka da ke gane tsagewar ƙarfe tun kafin ta fito. Allah Ya ba ni dama ta ƙarshe, a cikin ɗaki, ba taro, ba ciniki. Na ce, "Ka warke tukuna, ma duba." Kunya ce ta riƙe ni. Na fi son ka ci gaba da ganina da mutunci a kan ka samu amsarka.

A wurin jana'iza liman ya ce duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya dubi Allah ya yafe. Jama'a suka amsa da murya ɗaya. Ni kaɗai na san wanda ya kamata ya amsa ba ya cikin sahu, bai ma san ka rasu ba. Ranar sadakar uku, maiɗakinka Raliya ta sa aka kira ni, ta yi magana daga bayan labule. Ta ce, "Malam Babayo, Baban Ashraf ya bar saƙo. Ya ce a nemo masa wani Baba Pwajok a roƙar masa gafara, ya ce kai ka san shi. Sau uku yana maimaitawa." Ka tafi kana ɗauke da haƙƙin dattijo a wuyanka, kuma ni na ɗora maka.

Washegari na hau motar Kuru da faifan biyu a aljihu. Direban ya dubi hulata ya ce in na yi niyyar dawowa lafiya in sa ta a jaka. Na sa. Na yi tambaya har na samu gidan. Matarsa, Mama Felicitas, ta ajiye mini kujera. Da na faɗa masa rasuwar, tsohon ya sunkuya yana kallon tafin hannunsa. Sannan na faɗa masa sauran, duka, ban rage ba, ban yi wa kaina ado ba. Na kunna masa faifan biyu ɗaya bayan ɗaya. Ya kalli watan da ya zama ƙwai. Bai ɗauko rula ba.

"Ke nan shi ma daidai ya auna," ya ce.

Na ce daidai ya auna.

"Na sani ba zai yi kuskure ba. Wata takwas ina tunanin ko ni ne idona ya mutu." Ya share fuska da hannun riga. "Ka je ka gaya wa matarsa na yafe, duniya da lahira. Ka ce mata mijinta ne mutum na ƙarshe da na yi hira da shi har na manta da abinci."

Na yi godiya, na tsaya ina jira, domin akwai sauran roƙo guda. Ya gane. Ya raka ni har bakin ƙofa ya ce, "Kai kuwa, Babayo, naka ban sani ba tukuna. Ka cinye mini wata takwas na ƙarshe da shi. Ka bar ni in yi kuka na gama."

Ban yi gardama ba.

Lukuman, saƙonka ya isa, an sauke maka. Takwas ɗinka gaskiya ce, shidansa gaskiya ce, ƙaryar ta wurina ce. Na rubuta a fili don duk wanda ya tsaya a wannan taro ya ji kalmar da ta fito daga bakinka ya san wanda ya jawo ta.

Ya Allah, ga bawanKa Lukuman ya zo gare Ka, mutum ne da hannunsa bai taɓa ƙin mai buƙata ba. Ka rufe kurakuransa da rahamarKa, Ka sauƙaƙa masa tambaya, Ka yalwata masa kabari Ka haskaka shi, Ka haɗa shi da iyayensa a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Raliya, da 'ya'yansa Ashraf da Madina da Kubra, Allah Ya raya su Ya zama gatansu. Ga yayansa Alhaji Ahmadu da dukan dangi. Ga abokan sana'arsa na Dilimi. Ga kuma wani dattijo a Kuru da bai samu tsayawa a sahu ba, alhali ya fi da yawa daga cikinmu rashi. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya, Ya kyautata namu ƙarshen.

Wanda ya karanta ya yi masa addu'a, in ya samu sarari ya sa ni a ciki. Mutum biyu na zalunta. Ɗaya ya ce in jira. Ɗayan ba ni da inda zan same shi sai gaban Ubangiji.

Babayo mai faifai, Taminus, Jos.