Ɗiban Wuta a Gidan Yaya Sabo

Jiya 'yata Hafsatu tana bitar karatu a tsakar gida, sai ta ce, "Umma, kin san overture? Malam ya ce asalinta Faransanci ce, wai buɗewa. Kiɗan da ake fara yi kafin wasa sunansa ke nan, haka ma takun farko idan mutum yana neman sulhu." Na ce mata ban sani ba, na ci gaba da tsintar shinkafa. Abin kam na san shi tun muna yara a Balan, ba da Turanci ba dai.

Bayan magariba, in an sauke tuwo, Kaka ba ta bari a kashe murhu. Sai mu kewaye ta, ni da Yaya Sabo, wanda kullum sai ya ture ni ya zauna kusa da garwashi. Tatsuniyoyinta da yawa sun gudu daga kaina, ɗaya ce ta zauna.

Wai wa da ƙane ne suka ɓata, har suka ja danga tsakanin gidajensu. Damina ta wuce, rani ya wuce, ko sallama babu. Wata safiya ƙanen ya sheƙa wa murhunsa ruwa, ya ɗauki kasko, ya tsaya a ƙofar wansa ya ce wutarsa ta mutu. Wan ya ga hayaƙi yana tashi daga gidan ƙanen tun asuba, amma ya zuba masa garwashi. Kafin azahar sun cire dangar.

Yaya Sabo ya ce, "Ai ƙarya ya yi, Kaka!"

Ta dungure masa kai. "Kai dai sarkin surutu. Ba kowa ke iya buɗe baki ya ce a yafe masa ba. In ɗan'uwanka ya zo ɗiban wuta, ka ba shi kawai, kada ka leƙa murhunsa."

Mun girma, na yi aure a Gaya. Da Baba ya rasu muka yi cacar baki da Yaya Sabo kan gona, muka faɗa wa juna abin da ba ya goguwa. Shekaru muka yi ba ma ga maciji. Bara na gaji, na naɗe kasko a mayafi, na hau babur har Balan. Ban same shi ba, yana gona. Matarsa Rabi 'yar birni ce, da gas take girki, ba ta taɓa zama gaban Kaka ba. Na ce mata wuta na zo ɗiba. Ta dube ni da mamaki, ta miƙo min ashana da fara'arta. Na karɓa, na yi godiya, na manta kaskon a soro.

Na yi ta jira, shiru. Na ce a raina amsarsa ke nan. Sai kiran waya ya zo: Yaya Sabo ya yanke jiki ya faɗi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Ranar sadakar uku Rabi ta jawo ni gefe. "Yaya, ga kaskonki. Na gaya masa abin da ya kawo ki. Safiyar da ya faɗi shi ya hura gawayi a cikinsa da kansa, wai zai kai miki Gaya. Na ce wa ke ɗaukar wuta a babur?"

Ban yi kuka ba, har yau kuma bai zo ba. Kaskon yana ƙarƙashin gadona, ban zubar da tokar ba.