Ranar da Yayana Ya Nemi Bututun Layinmu

Ba na jin akwai ranar da zan manta da jarrabawar yayana a Anka, ina aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Abin da na fara gani da isata wurin shi ne ɗige-ɗigen shuɗin fenti a ƙasa, jere tun daga famfon bakin masallaci, har wata akuya ta taka ɗaya ta tafi da kofato shuɗi.

Yaya ya fara ne da leburanci lokacin da ake kwashe ƙasa mai gubar dalma a Bagega. Daga nan aka tura shi kwas Gusau, ya koyo yadda ake gano bututun ruwa da wayoyin da ke binne kafin a yi tono. Saura jarrabawar fili a ba shi takardar shaida. Ya taɓa faɗuwa sau ɗaya, kuma an ce wannan ce damarsa ta ƙarshe. Za a haƙa magudanar ruwa a layinmu, shi ne aka ce ya nuna inda tsohon bututu ya bi.

Inna ta aike ni da furarsa. "Ki miƙa mai ki dawo, kar ki tsaya kallo," in ji ta. Na tsaya kallo.

Yaya ya maƙala waya a jikin famfon ƙarfen, yana tafe da wata na'ura mai kama da sanda, tana kuka, yana ɗiga fenti. Malamin da ya zo gwada shi, wani dattijo mai gilashi, yana biye da shi. Daf da bishiyar dogon yaro ta ƙofar makarantarmu, na'urar ta yi shiru. Yaya ya koma baya, ya dawo. Shiru.

"Ja layinka miƙe, yaro!" in ji mai shayin wurin. "Bututu maciji ne da zai yi kwana?" Mutane suka yi dariya.

Ni kuwa na san wani abu. Kullum in zan shiga makaranta ina ganin wani gefe hagu da bishiyar inda ƙasa ba ta bushewa, ƙudan zuma na sauka a kai. Amma a lokacin ko malamin ajinmu ya kira sunana, muryata maƙalewa take. Sai kawai na je na tsaya a wurin, rungume da kwanon fura.

Yaya ya juya ga dattijon, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Malam, daga nan ban sani ba. Ba zan sa fenti inda ban tabbata ba." Ya ɗago, idonsa ya faɗa kan takalmina. "Ke auta, ina kika samo laka da ranin ga?"

Na nuna ƙasa da yatsa.

Ya ajiye na'urar, ya ɗauki shebur, yana kankare ƙasar a hankali. Ramin bai kai gwiwa ba sai ga baƙin bututun roba yana tsattsafo. Ashe shekarun baya da na ƙarfen ya fashe, masu gyara sun ƙi sare saiwar bishiyar saboda inuwar ɗalibai, suka kewaye ta da roba. Na'urar kuwa ba ta jin roba.

"Da ka ja layin nan miƙe, da katafila ta raba unguwar ga da ruwa, kai kuma ta raba ka da takarda," in ji dattijon. Ya sa hannu a fom ɗin. Mai shayi ya ce ai shi dama gwada shi yake yi.

A ranar na koyi cewa faɗin "ban sani ba" yana cikin iya aiki, kuma ƙananan abubuwan da nake lura da su ina shiru suna da amfani. A hanyar gida, Yaya yana shan furarsa da ta riga ta yi tsami, na ja gefen rigarsa.

"Yaya, don Allah in za ka koma Gusau ka tambayo mini ko suna ɗaukar mata a kwas ɗin."