Mutum-mutumin da Tela Ya Yi wa Tarbiyya

Allah ya jiƙan Tela, bawan Allah mai zurfin ciki. Ko allura ce ta soke shi, sai ya dunƙule hannu ya ci gaba da taka keken ɗinki. A shago ɗaya ya ƙarar da ƙuruciyarsa, cikin ƙyallaye da warin man keke, har idonsa ya daina ganin kafar allura.

Da mai ɗakinsa ta rasu, 'yarsa da ke aure a nesa ta aiko masa da mutum-mutumi, irin mai taya tsofaffi hira. Masu ƙera shi sun ce ba ya ƙarya, yana auna daidai da ba daidai ba, kuma yana koyo daga maigidansa. Tela kuwa ya duƙufa yi masa tarbiyya.

"Kai gwangwani, in maƙwabci ya tambayi abin da muka ci, ba a faɗa."

"Ko da gaskiya ce, Baba?"

"Ko da ita ce. Ɗan kirki ba ya tona asirin gidansu."

Sai tari ya kama Tela, har da jini a ƙyalle. Injin ya ce bari ya sanar da 'yarsa. Tela ya zare ido.

"Tsohon ciki gare ta. Ka tayar mata da hankali wani abu ya same ta, kai za ka ɗauki alhaki? Amana na ba ka."

Kullum injin na roƙonsa a je asibiti, kullum Tela na cewa gobe. Ran da 'yar ta bugo waya tari ya hana shi magana, injin ne ya amsa.

"Ya ce in ce miki lafiyarsa ƙalau."

Ta yi dariya. "Kai ma ka kwashi halinsa!"

Sai da Tela ya faɗi gefen keke sannan injin ya kira motar asibiti. Likita ya ce an makara.

'Yar ta iso da jaririya a kafaɗa, ta tsaya gaban injin.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na auna, na ga amanarsa ta fi nauyi. Yanzu ban sani ba."

Ta kai hannu za ta kashe shi. Ya ce, "Zauna mana, kin sha hanya," kamar daga bakin mahaifinta. Ta durƙushe a ƙasa tana kuka.